Daga Littafi Zuwa Dandamali: Matsayin Mai Ba da Labari Wajen Mai da Shaihu Umar Wasan Kwaikwayo

1.0 Gabatarwa

Sanannen abu ne ga duk wanda ya koyar da Hausa a makarantun sakandare ko kwalejojin horon malamai cewa ƙungiyoyin ɗalibai sukan ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin littattafanmu na ƙagaggun labarai su mai da shi wasan kwaikwayo, musamman in ƙarshen shekara ya gabato. Yadda akan yi kuwa shi ne, malamin da ke lura da ƙungiyar ya zauna da littafin, ya tsame duk inda taurari suka yi magana da bakinsu, ya zubar da sauran, ya rarraba wa yara su haddace. Ran wasa a yi dariya, a tafa, a watse. Amma wanda ya san littafin yakan tashi yana jin an tauye masa wani abu, ko da ba zai iya cewa ga shi ba.

Manufar wannan takarda ita ce ta gano abin nan da akan tauye. A ganinmu muryar mai ba da labari ce, wadda ita ce ginshiƙin ƙagaggen labari, ita ce kuma abu na farko da dandamali kan kora. Za mu kafa hujja da littafin Shaihu Umar na Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa saboda dalilai uku. Na farko, littafin ya bi matakai uku, watau ya fito a rubuce, aka mai da shi wasa, sa'an nan aka mai da shi fim. Na biyu, jigonsa bauta ce da rabuwar uwa da ɗa, abin da ba ya jure sakaci. Na uku, wani sashe na labarin ya shafi arewacin ƙasar Zazzau, gama mahaifiyar Umar mutuniyar Fatika ce, mijinta Makau kuma a Maƙarfi ya sami mafaka. Saboda haka duk shawarar da muka kawo za mu riƙa auna ta da tambaya guda: in aka shimfiɗa wannan wasa a filin makaranta a Likoro ta ƙasar Kudan, inda Maƙarfi take maƙwabciya, Fatika kuma ba baƙon suna ba ne, me 'yan kallo za su gani, me kuma za su tafi da shi gida?

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1933 ne Dokta R. M. East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya nemi malaman Arewa su ƙaga labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar da muka sani: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, da kuma Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934. Babu ɗaya daga cikinsu da aka rubuta da niyyar a kwaikwaye shi, domin a lokacin rubutaccen wasa bai tsaya da ƙafarsa a Hausa ba tukuna. A cikin shekarun 1930 East ya fitar da littafinsa na wasanni shida, Abubakar Tunau ya biyo da Wasan Marafa a 1949, sa'an nan Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, waɗanda a rediyo aka fara jin su kafin su zama littattafai.

A shekarun 1970 aka shiga juyar da wasu ayyuka zuwa wasan Hausa, kuma ya kamata mu bambanta iri uku. Akwai Daren Sha Biyu na Ibrahim Yaro Yahaya, na 1971, wanda fassara ce ta wasan Shakespeare; a nan harshe ne ya sake, amma wasa ne tun asali. Akwai Bora da Mowa na U. B. Ahmed, na 1972, wanda ya ɗauko tatsuniya. Tatsuniya kuwa da ma da baki ake yin ta, da sauya murya da waƙa, saboda haka rabin aikin a gama yake. Iri na uku shi ne na Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, mutumin Tirinidad, waɗanda suka mai da Shaihu Umar wasa, kamfanin Longman ya buga a 1975. Wannan shi ne mafi wuya, domin siffar aikin ce gaba ɗaya ake sakewa. A 1976 Adamu Halilu ya mai da labarin fim, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun, aka nuna shi a bikin FESTAC a Ikko a 1977. Fim ɗin ya daɗe da ɓacewa daga idon jama'a har aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a 2016, aka gyara shi, aka nuna a bikin fina-finai na Balin a ƙasar Jamus a 2018.

Ba nufinmu ba ne mu bi waɗannan ayyuka fitowa bayan fitowa. Abin da muka sa gaba shi ne matsalar da littafin kansa yake ɗora wa duk wanda ya ce zai hau da shi dandamali, jiya ko yau.

3.0 Ayyuka Uku na Muryar Shaihu

Bari mu tuna wa juna zubin littafin. Labarin ya buɗe a Rauta, wani ɗan gari kusa da Bauci, inda wani malami, Shaihu Umar, yake zaune da almajiransa. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya ɗauko daga tushe. A Kagara aka haife shi, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, wani na hannun daman sarki. Fadawa suka yi wa Makau hassada, suka ƙulla masa sharri bayan an komo daga wani hari, sarki ya kore shi, ya yi ta tafiya har ya sami wurin zama a Maƙarfi, ya aika matarsa ta zo. Ita kuwa sai ta fara zuwa Fatika wurin iyayenta, ta bar yaron a hannun wata, a bayanta aka sace shi. Daga wannan hannu zuwa wancan yaro ya isa Kano, ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya tafi da shi Misra, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwar ta bi sawu, aka yaudare ta, aka mai da ita baiwa, ta ƙare a Tarabulus. A can suka sadu bayan shekaru masu yawa, ba ta daɗe ba ta rasu. A hanyar komowa guguwar hamada ta binne ayarinsu, Umar ya tsira, har Allah ya kawo shi Rauta.

Duk wannan daga baki ɗaya muka ji shi, kuma wannan baki yana yin ayyuka uku a lokaci guda.

Aiki na farko shi ne naɗe ƙasa da zamani. Littafin ƙarami ne, mai karatu zai iya gama shi a zama ɗaya, amma ya ɗauki mutum tun yana goye har ya zama abin tambaya, ya kai shi Misra ya komo da shi. Jimla ɗaya ta ishi mai ba da labari ya haye hamada, jimla ɗaya kuma ta ishe shi ya tsallake shekara goma.

Aiki na biyu shi ne kwantar da hankalin mai karatu. Tun a shafin farko mun ga Umar a zaune lafiya, almajirai kewaye da shi. Saboda haka sa'ad da aka sace yaron ba ma tsoron ko zai mutu, gama ga shi nan shi ne ke ba mu labari. Fargaba ta ragu, sai tunani ya sami wuri.

Aiki na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne fassara abin da ya faru. Shaihu yana ba da labarin sata da cinikin mutane da mutuwar uwarsa da harshen wanda ya riga ya sallama wa hukuncin Ubangiji. Ba ya zagi, ba ya kuka, ba ya tsayawa ya yi wa bauta huɗuba. Ya kamata mu tuna lokacin da aka yi rubutun. Dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa daga wannan shekara ne kawai, ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai a 1936. Ke nan marubucin, wanda a lokacin saurayi ne yana koyarwa a Midil ta Bauci, ya yi rubutunsa ne a tsakanin iyayengiji da bayi waɗanda suke raye, suna gaisawa kullum. Sanyin muryar Shaihu shi ne ya ba da damar a faɗi abin da aka faɗa ba tare da an tsokane wa kowa ido ba.

Akwai kuma wata ɓaraka a zubin littafin wadda za ta yi mana amfani a gaba. Umar yana ba da labarin abubuwan da bai gani ba, kamar shawarar da fadawa suka ƙulla a ɓoye, da tafiyar Makau shi kaɗai a daji, da wahalar uwarsa a hannun fatake, kai ka ce yana wurin. Mai karatu yakan yafe wannan, domin daɗin labari ya ɗauke masa hankali.

4.0 Abin da Kan Faru In An Janye Muryar

Mu ɗauki fitowar fadar Kagara, wadda kowane mai shirya wasa zai fara so, domin tana da duk abin da wasa ke bukata: ga sarki, ga mahassada, ga wanda ake zalunta, ga hukunci. To, amma a kan me aka yi wa Makau sharri? An ce ya ɓoye wasu daga cikin bayin da aka kamo a hari. A littafi waɗannan bayi lissafi ne kawai, mai karatu yakan wuce su hankalinsa na kan Makau. A dandamali kuwa lissafi ba ya tsayuwa da kansa, dole a samo mutane. Dole a ɗauko yaran makaranta a ɗaure su da igiya, a zaunar da su a ƙasa, su yi shiru, manya suna gardama a kansu ko nawa ne. Gani ya kori ji. Ɗan kallo zai tausaya wa Makau don an yi masa ƙarya, amma idonsa ba zai bar kan yaran nan ba, kuma zai gane cewa mutumin kirkin nan da ake zalunta shi ma daga raba wasu iyaye da 'ya'yansu ya komo. In an zo inda aka sace Umar, ba sai an gaya masa kome ba, shi da kansa zai haɗa wannan da wancan.

Wannan ma'ana tana cikin ginin littafin tun asali, muryar Shaihu ce ta lulluɓe ta. Da zarar an janye muryar sai ta fito fili, mai shirya wasa kuma ya sami kansa gaban zaɓi. Akwai hanyoyi biyu masu sauƙi na kauce wa zaɓin, dukansu kuwa cin amanar littafin ne. Ta farko a ɓoye bayin a bayan labule, a riƙa ambatonsu da baki, sai wasan ya koma labarin hassadar fada kurum, irin wanda muke da shi birjik. Ta biyu a fito da su amma a mai da su abin dariya, a sa su gwarancin Hausa da zare ido, kamar yadda akan yi wa baƙauye a wasanninmu na barkwanci. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya dubi abin da ya sami littafin Harriet Beecher Stowe, Uncle Tom's Cabin, wanda ya fito a Amurka a 1852 don yaƙi da bauta. A shekarar aka fara mai da shi wasa, ƙungiyoyi suka yi ta yawo da shi gari gari shekaru da dama, suna ƙara masa raye-raye da barkwanci, Turawa suna shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi, har sunan tauraron ya koma zagi a bakin baƙaƙen Amurka.

Yanzu mu koma ga 'yan kallonmu na Likoro. Ƙasar Zazzau ƙasa ce da aka sani da rumada, watau ƙauyukan bayi masu noma, kuma labarin da Baba ta Karo ta bai wa Mary Smith a Giwa tsakanin 1949 da 1950, wanda aka buga a 1954, cike yake da zancen rinji da hari da fansar waɗanda aka kama. A taron da zai kewaye filin wasa akwai jikokin masu rinji, akwai kuma jikokin waɗanda suka yi noma a cikinsa, sun zama dangi da surukan juna, ba mai son a tono. Bayan wannan akwai abin da ya fi kusa. Sunan Kagara ya sake shiga bakin duniya a watan Fabrairu na 2021, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 27 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Kagara a Jihar Neja, a watan Maris na 2024 kuma aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga ta Jihar Kaduna. Matar da za ta zauna kallon inda aka sace Umar ba tarihi take kallo ba. Mai shirya wasan da bai yi la'akari da wannan ba, ya bar fitowar nan ta zama ta guje-guje da ihu don a yi dariya, ya yi wa jama'arsa laifi kafin ya yi wa littafin.

5.0 Wane Ne Tauraron Wasan?

Matsala ta biyu da janye muryar kan haifar ita ce ta tauraro. Wasan kwaikwayo yana tafiya ne a kan mutumin da ke neman wani abu ido rufe, wani abu kuma ya tare masa hanya. In muka auna littattafan 1933 da wannan ma'auni za mu ga Jiki Magayi ya fi sauran shirin hawa dandamali, domin Abubakar yana son Zainabu, dukiyar Malam Shehu ta raba su, ya tashi neman fansa, fansar kuma ta faɗa kan ɗan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kowace fitowa ita ke haifar da mai bi mata. Ruwan Bagaja kuwa kowace karawa tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan ƙaramin wasa ce cikakkiya, shi ya sa ɗalibai suke son sa. Haɗarinsa shi ne a shagala da ramuwar gayya tsakanin mutanen nan biyu a manta da ruwan da aka fita nema.

Shaihu Umar ya sha bamban da duka biyun. Umar ba ya neman kome a mafi yawan labarin. Ɗaukarsa ake yi, a ajiye shi, a ba da shi, a koya masa karatu. A littafi wannan bai dame mu ba, domin shi ke magana, hankalinsa muke bi. Amma in aka karɓe maganar daga bakinsa, abin da ya rage a dandamali yaro ne da ake ja da hannu, daga baya kuma saurayi mai ladabi a gaban allo. Ladabi kuwa, duk da kyansa, ba ya riƙe 'yan kallo sa'a biyu.

Wadda take neman wani abu ido rufe ita ce uwar. Ita ce ta bar gida, ta bar miji, ta shiga Kano ita kaɗai, ta yarda da baƙon da bai cancanci yarda ba domin ba ta da wata hanya, ta rasa 'yancinta, ba ta fasa ba. Kowane mataki nata zaɓi ne, kowane zaɓi kuma da abin da ya ci mata. A nan ne ɓarakar da muka ambata a baya take zama alheri: sassan da Umar ya ba da labarinsu alhali bai gani ba, su ne sassan da dandamali zai nuna kai tsaye ba tare da neman izinin kowa ba. Ra'ayinmu shi ne, littafin na Umar ne, amma wasan da ke kwance a cikinsa na mahaifiyarsa ne, kuma ƙololuwarsa ita ce saduwar Tarabulus. Abin da ya biyo bayanta, har da guguwar hamada, saukowa ce, bai kamata a ja shi ba.

6.0 Hanyar da Muke Ganin Ta Fi Dacewa

Daga abin da ya gabata muna kawo shawarwari huɗu.

Ta farko, kada a kori Shaihu, kada kuma a bar shi ya cinye wasan. Fim ɗin 1976 ya riƙe wannan zubi na malami da almajiransa, mu ma muna ganin a riƙe shi. A shimfiɗa masa buzu a gefen fili tun daga farko har ƙarshe, almajirai kewaye da shi, yadda ɗan kallo zai riƙa ganin dattijon da yaron a lokaci guda. Da haka an tsare aikin muryar na biyu, watau kwantar da hankali. Muna da abin koyi a gida, domin Shu'aibu Maƙarfi ya yi amfani da mai shela wanda ke gabatar da wasa yana jan hankalin jama'a. Sai dai mai shela a waje yake tsaye yana nuna laifin wasu, Shaihu kuwa rayuwarsa ce ake shimfiɗawa a gabansa. Kuma kada almajiran su zama gumaka. Tambayarsu ce ta buɗe labarin, to a bar su su ci gaba da tambaya, su yi mamaki, su nemi ƙarin bayani, kamar yadda yara kan yi wa mai tatsuniya. A Ingila ma, sa'ad da David Edgar ya mai da Nicholas Nickleby na Dickens wasa a 1980, bai zubar da muryar marubucin ba, rarraba ta ya yi a bakin 'yan wasa.

Ta biyu, a duk fitowar da ta shafi uwar, Shaihu ya yi shiru. Bai ga abin ba, saboda haka ya zama ɗan kallo kamar kowa. Dattijon da ya yi ta bayani da natsuwa, in aka gan shi ya sunkuyar da kai ya kasa magana sa'ad da ake sa wa uwarsa mari, wannan shirun zai isar da abin da littafin ya bari a ƙarƙashin harshe, ba tare da an ƙara masa kalma ko ɗaya ba.

Ta uku, a bar wahalar da kai wajen kawo hamada da raƙuma. Mutanenmu sun saba da wasannin tashe na watan azumi, inda yaro kan manna auduga a haɓa ya zama tsoho, kowa kuma ya yarda. Ayari ya kewaya fili sau ɗaya, Shaihu ya ce an yi wata biyu ana tafiya, an isa ke nan. Gidan wasan da aka gina da ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a tsakiyar shekarun 1970, wanda Steven Ehrlich ya zana bisa fasalin gidan Bahaushe, zauruka kewaye da fili, ya nuna cewa wasanmu ba ya bukatar labule da dogon dandamali irin na Turai. Abokan aikinmu na ƙasar Yarbawa sun haye irin wannan matsala da kiɗa da rawa, kamar yadda Kola Ogunmola ya yi wa littafin Amos Tutuola a Ibadan a 1963, da yadda Wale Ogunyemi ya gina Langbodo a kan labarin Fagunwa don bikin 1977. Amma waɗannan labaran aljanu ne da dodanni. Ayarin bayi ba wurin rawa ba ne, ƙarar sarƙa da takun ƙafa sun isa.

Ta huɗu, kada a sa wa kowa jawabin la'antar bauta a baki. Marubucin bai rubuta shi ba, Shaihun da ya siffanta kuma ba zai yi shi ba. Yaran da aka ɗaure a fadar Kagara da matar da ke cikin mari a Tarabulus sun wadatar, 'yan kallo kuwa ba yara ba ne.

7.0 Kammalawa

Muna sane da cewa wasu malamai za su ce wannan taɓa littafi ne, marubucin kuma ba ya raye balle a nemi yardarsa, tun da an kashe shi a juyin mulkin Janairu na 1966. Wannan magana tana da nauyi, domin littafin amana ne a hannunmu. Amsarmu ita ce, wanda ya tsame maganganun taurari ya zubar da sauran shi ma ya taɓa littafin, har ya fi mu taɓawa, sai dai bai san ya yi ba. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Juya labari daga wata siffa zuwa wata kuma ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Abubakar Imam ya ɗebo labaran Magana Jari Ce, wanda ya fito a littattafai uku a ƙarshen shekarun 1930, daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Gabas, abin da ya mai da su nasa kuwa shi ne bakin da ya zaɓa ya sa su a ciki, watau aku. Imam ya gane cewa labari yana tafiya ne da mai faɗinsa. Mai shirya wasa yana bin hanyar ne a juye, yana zare labari daga bakin mai faɗinsa, saboda haka wajibi ne ya san ayyukan da bakin nan yake yi, ya kuma tanadi wanda zai ɗauki kowannensu.

Mun nuna cewa a Shaihu Umar ayyukan uku ne: naɗe ƙasa da zamani, wanda al'adar dandali za ta ɗauka, kwantar da hankali, wanda zaman Shaihu a gefen fili zai ɗauka, da fassara abin da ya faru, wanda a ganinmu ya kamata a raba shi tsakanin haƙurin Shaihu da abin da idon ɗan kallo ya gane masa. Muna roƙon malaman da ke wannan taro, musamman masu lura da ƙungiyoyin Hausa a makarantun Kudan da Maƙarfi da Ikara, su gwada wannan tsari a gaban jama'ar da labarin ya ratsa ƙasarsu, su saurari abin da dattawa da mata za su ce bayan an tashi, su kawo mana. Irin wannan nazari ya kamata a yi wa Ganɗoki da Idon Matambayi, waɗanda ba mu sami damar dubawa a nan ba. Allah ya sa mu dace.